'Yan kwikwiyona biyu kullum cikin kokawa: wasa ne ko faɗa?

Mai Gidan Gona: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga ni kiwon kare. Ina da 'yar gonar kaji a wajen Dawakin Kudu, ɓarayi sun shiga mini sau biyu a daminar bana, shi ne na samo 'yan kwikwiyo biyu don su tashi a wurin su riƙa taya mai gadi. Cikinsu ɗaya, duka maza, ɗaya baƙi ɗaya ja. Karnukan gida ne, ba na Turawa ba. Na ɗauko su suna da sati bakwai, yanzu sun shiga na goma sha ɗaya.

Abin da ya dame ni, kullum cikin kokawa suke. Da sassafe kafin a zuba wa kaji abinci, da kuma yamma in rana ta yi sanyi, sai ka ji gurnani kamar za su cinye juna. Baƙin ya fi jiki, shi ne yawanci a sama, ya kama wuyan jan yana girgiza kai. Jiya na ga karce a kunnen jan, har da ɗigon jini. Mai gadina dattijo ne, ya ce baƙin mugun jini gare shi, in ba a karya shi yanzu ba wata rana zai kashe ɗan'uwansa, don haka duk sanda suka fara sai ya sa musu tsumagiya. Ni kuma raina bai kwanta da dukan nan ba, don na lura jan ya fara gudun mai gadin. Ta yaya zan gane wasa suke ko faɗa ne na gaske? In faɗa ne gara in ba wani ɗaya tun da wuri.

Baba Maharbi: Wa alaikumus salam yaro. Ka fara hana mai gadinka dukan nan yau, ba gobe ba. Na fi shekara talatin ina tayar da karnukan farauta a ƙasar Ningi, ban taɓa ganin kwikwiyon da bai yi kokawa da 'yan'uwansa ba ya zama kare na kirki. Wanda ba ya kokawa shi nake yi wa kallon mara lafiya. Gurnanin da kake ji ba shi ne abin dubawa ba. Ka dubi jikinsu. Mai wasa jikinsa sake-sake yake, yana tsalle-tsalle na banza, yana faɗuwa da gangan, bakinsa a buɗe kamar mai dariya. Mai faɗa kuwa sandarewa yake kamar icce, ya rufe baki ko ya yage leɓe fiƙoƙi a waje, ya kafe ɗan'uwansa da ido ba ya ko ƙiftawa. In ka taɓa ganin wannan tsayuwar sau ɗaya ba za ka sake tambayar kowa ba.

Mai Gidan Gona: Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. To jinin da na gani fa?

Likitar Dabbobi: Malam, sannu da ƙoƙari. Bari in fara da jinin tunda shi ya fi tayar maka da hankali. Kwikwiyo a wannan shekarun haƙoran nono ne a bakinsa, guda 28, kuma tsininsu kamar allura. Sai ya kai wata uku zuwa huɗu suke fara zubewa, manyan guda 42 su gama fitowa wajen wata shida zuwa bakwai. Fatar kunne kuwa siririya ce, jijiyoyin jini sun yi mata yawa, ɗan karce kaɗan sai jini. Don haka karce a kunne shi kaɗai bai nuna faɗa ba. Abin da zai sa in damu shi ne huda mai zurfi, irin wadda fiƙa ta shiga nama, ko rauni a ƙafafun gaba da fuska da yake maimaituwa, ko ka ga ɗaya ya kama ya ƙi saki duk da ɗayan yana ihu.

Maganar Baba a kan sandarewar jiki gaskiya ce, kuma ita muke koya wa ɗalibai. Zan ƙara maka abin da za ka je ka duba da idonka yau da yamma. Ka zauna nesa kaɗan, kada ka yi magana, kada mai gadi ya kusanto. Ka lura ko akwai wanda yake kwantar da ƙirjinsa ƙasa, ƙafafun gaba a miƙe, ɗuwawu a sama, wutsiya tana kaɗawa. Wannan rusunawar gayyatar wasa ce. Wani masani a Amurka mai suna Marc Bekoff ya yi nazarinta a 1995, ya ga karnuka sun fi yin ta daf da cizo mai girgiza kai ko bayansa, kamar dai mai cewa abin nan da na yi maka wasa ne. Waɗanda suka sake nazarin daga baya sun ga ana yawan yin ta bayan an ɗan tsaya, don a tayar da wasan daga inda ya kwanta. Ko ta wace fuska ka ɗauka, karen da yake nufin cutar da ɗan'uwansa ba ya rusuna masa.

Sai kuma tsayawa. Masu wasa sukan dakata na ɗan lokaci, su girgiza jiki kamar waɗanda suka fito daga ruwa, ɗaya ya shinshina ƙasa ko ya je ya sha ruwa, sannan su koma. Faɗa ba ya da wannan hutun, hawa yake yi kawai.

Mai Kiwo Kaduna: Likita duk na yarda, amma ni abin da nake bi shi ne karɓa-karɓa. In yau wannan ne a sama, anjima wancan ne a sama, wannan ya kori wancan, wancan ya juyo ya kori wannan, to wasa ne. Shi kuwa Malam ya ce baƙin ne kullum a sama. A wurina wannan danniya ce. Ina kiwon manyan karnukan gadin nan, bowabul da rotwaila, na san yadda abin yake farawa. Ka bar babba yana danne ƙarami kullum, ƙaramin ya tashi matsoraci, babban ya tashi azzalumi, duka biyun ba su da amfani a gadi.

Likitar Dabbobi: Alhaji, karɓa-karɓa alama ce mai kyau in an gan ta, amma rashinta bai isa a yanke hukunci ba. Da can ana cewa sai wasa ya zama rabi da rabi kafin a kira shi wasa. Masu bincike a Jami'ar Mishigan, Camille Ward da Erika Bauer da Barbara Smuts, sun bi 'yan kwikwiyo 'yan ciki ɗaya suna ɗaukar wasansu a bidiyo, suka buga sakamakon a 2008. Abin da suka gani shi ne ba a raba nasara daidai, kuma suna girma ɗaya yana ƙara rinjaye. To ka ga tambayar da ta fi muhimmanci ba wa ke sama ba ce. Tambayar ita ce, na ƙasan yana so ko ba ya so?

Kuma akwai hanyar tambayarsa. Malam, in sun yi nisa a kokawar, ka je a hankali ka riƙe baƙin ta ƙirji, ba da faɗa ba, ka ja shi baya taku biyu ko uku. Jan kuwa ka bar shi sake. Sai ka kalli abin da jan zai yi. In ya tashi ya girgiza jiki ya rugo ya faɗa wa baƙin, yana jan kunnensa ko ƙafarsa, to ka sake su, wasansu suke. In kuwa ya samu sarari ya tsere, ya shige ƙarƙashin wani abu, wutsiya a tsakanin cinyoyi, ko ya zo ya laɓe bayan ƙafarka, to ya gaji ko yana jin tsoro, kuma kai ne za ka tsaya masa. Ka gwada sau da yawa a ranaku daban-daban, kada ka tsaya a gwaji ɗaya.

Abu Ammar: Ku yi haƙuri da katsalandan. Ni dai ina ganin an yi nisa a zancen kare ba wanda ya tuna cewa ajiye shi yana rage lada kullum. Malam ka yi tunani.

Mai Gidan Gona: Na gode da tunatarwa Malam. Ba a cikin gida suke ba, a gona suke, kuma na tambaya kafin in ɗauko su.

Baba Maharbi: Hadisin da kake nufi, Malam, a cikinsa aka togace karen farauta da na kiwo da na gona. Suratul Ma'ida ma ta yi maganar dabbobin farauta da aka horar. Tunda ya halatta a ajiye shi don gona, to haƙƙinsa ya hau kan mai shi, ci da sha da rashin zalunci. Mutumin nan tambaya yake kada a zalunci dabba a hannunsa, ni ban ga abin zargi ba.

Abu Ammar: Haka ne Baba, ban lura ya ce gona ba. Allah ya sa mu dace.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum. Ina so in ƙara wani abu daga abin da na gani a wajenmu. Na yi shekaru ina zuwa cin kasuwar dabbobi ta wajen Tawa da Abalak, inda Buzaye suke da dogayen karnukan nan sirara da ake kira azawak. 'Ya'yansu in suna wasa ba kokawa suka fi yi ba, tsere ne. Ɗaya ya zabura, sauran su bi shi, su bangaje shi ya wuntsila cikin rairayi, ya tashi su sake. Baƙon da bai sani ba zai ce farautarsa suke. Amma ka lura da wanda ake bi: in yana gudu yana waiwaye, yana zagaye, yana rage gudu don a cim masa, wasa ne. In ya miƙe hanya ɗaya, bayansa a ƙudundune, kunnuwa a manne, yana neman inda zai shiga, wannan gudun ceton rai ne. Na kawo wannan ne don kowane irin kare da salon wasansa. Na Alhaji masu nauyi ne, in sun danne sun danne. Na Malam karnukan gida ne, ba su kai wannan nauyin ba.

Hajiyar Jos: Ni zan ɗan saɓa wa masu kwantar masa da hankali, ba don maganarsu ba daidai ba ce, sai don abin da ya same ni. Na taɓa ɗaukar 'yan kwikwiyo biyu mata 'yan ciki ɗaya. Suna ƙanana duk alamomin nan da Likita ta lissafa suna yi, rusunawa, hutu, komai. Wuri ɗaya suke kwana, kai a kan wuyan juna. Kwano ɗaya nake zuba musu, ina jin daɗi wai sun shaƙu. Sai da suka haura shekara ɗaya da rabi, wata rana da hantsi, ɗaya ta tsinci ƙashin kan rago a bayan kicin. Ina tsaye ina shanya. Ban ji gurnani ba, ban ji haushi ba. Na ga ɗayar ta tsaya cak, ta sunkuyar da kai, gashin bayanta ya miƙe tun daga ƙeya har gindin wutsiya, kafin in ajiye zanen da ke hannuna sun haɗu. Shiru suke faɗan, sai ƙarar numfashi da ƙura. Da kyar muka raba su da bokitin ruwa da faifan katako, ɗaya sai da aka yi mata ɗinki a wuya da ƙafa. Daga ranar ba su sake zama wuri ɗaya ba, a ƙarshe na ba wani ɗan'uwana ɗaya ina kuka.

Abin da na gane daga baya, alamun suna nan tun suna 'yan wata huɗu, amma a bakin kwano suke, ni kuma wurin wasa nake kallo. Ɗaya takan sandare a kan abinci, ta daina tauna, ta kalli 'yar'uwarta ta gefen ido har farin idon ya fito, ɗayar ta ja baya ta jira. Ni na ɗauka ladabi ne. Malam, ka gaya mana yadda naka suke cin abinci.

Mai Gidan Gona: Hajiya, kin taɓo inda ban yi tunani ba. Kasko ɗaya ne. Mai gadi yana jiƙa musu ƙanzo da ragowar tuwo, wani lokaci in kaza ta mutu ba ta ciwo ba a dafa musu. Kuma gaskiya jan ya fi rama, na ɗauka halittarsa ce.

Likitar Dabbobi: To nan ne aikin yake, Malam. Daga yau kasko biyu, kuma ba kusa da juna ba. A sa ɗaya a wannan lungun, ɗaya a bayan ɗakin kaji inda ba sa ganin juna, kowa ya gama a ɗauke kaskon. Ƙashi ma haka, kada a jefa guda ɗaya tsakanin biyu. Masana biyu, Scott da Fuller, da suka yi shekaru suna nazarin tasowar karnuka a Bar Harbor ta jihar Maine, suka fitar da littafinsu a 1965, da ƙashi ɗaya suke gwada wanda ya fi rinjaye tsakanin 'yan ciki ɗaya, don shi ne yake fito da abin da wasa ba ya fitarwa. Cikin ire-iren karnuka biyar da suka yi aiki da su har da basanji, karen farauta ɗan asalin Afirka ta Tsakiya. Su ne kuma suka nuna cewa daga wajen sati uku zuwa sati goma sha biyu shi ne lokacin da kwikwiyo ya fi saurin koyon wa zai saba da shi, wa zai ji tsoro. Naka suna sati goma sha ɗaya. Ka ga ke nan duk tsumagiyar da mai gadi ya sauke musu yanzu tana zama a ransu, kuma hannun mutum ne suke koyon tsoro. Karen gadin da yake tsoron hannun mutum shi ne yake cizon yaron da ya zo sayen ƙwai.

In za a dafa musu kaza, a cire ƙasusuwan. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya soki maƙogwaro ko hanji. Ramar jan kuma kada ka ɗora ta duka a kan kasko, a ba su maganin tsutsar ciki, don kusan duk kwikwiyo da ita yake tasowa.

Baba Maharbi: Kasko biyu ban ƙi ba, Likita. Amma ina da ja a wuri ɗaya. Mu a wajenmu ba ma shiga tsakaninsu. Barinsu muke su daidaita, a san babba a san ƙarami, daga nan sai a zauna lafiya. In kana raba su kullum ba za su taɓa gama maganar ba. Kuma ta nan muke gane mai zuciya, wanda zai tsaya gaban gursunu ba ya ja da baya.

Likitar Dabbobi: Baba, Allah ya ja kwana, a yanayinku maganarka tana da tushe. Naku suna tasowa ne a gaban uwarsu da manyan karnuka, ga fili. In wasa ya wuce gona da iri uwar takan shiga tsakani ta ture mai zafin, wanda aka matsa wa kuma yana da inda zai gudu. Kuma a nan suke koyon sassauta cizo: ya ciji ɗan'uwansa da ƙarfi, wancan ya yi ƙara ya daina wasa da shi, gobe sai ya rage. Shi ya sa muke cewa kada a raba kwikwiyo da uwarsa kafin sati takwas. Na Malam an ɗauke su a sati bakwai, babu uwa, babu babban kare, su biyu ne a cikin katanga. Aikin da uwar za ta yi ya dawo kan mutum. Ba cewa nake a raba su duk sanda suka yi gurnani ba. Ma'aunin shi ne ƙarar nan ta zafi: in jan ya yi ta baƙin ya sake shi nan take, a ƙyale su, darasi suke ɗauka. In ya yi ta sau biyu, sau uku, baƙin bai saki ba, to a shiga. Ba da duka ba, a tafa hannu ko a kira su, a ɗauke mai zafin a ajiye shi gefe na minti ɗaya ko biyu har numfashinsa ya dawo daidai, a sake shi.

Batun mai zuciya kuwa, kai ka fi ni sanin daji, amma na sha ganin karen da ya fi kowa danne 'yan'uwansa yana ƙarami ya girma ya zama mai tsoron baƙo.

Baba Maharbi: Wannan na ƙarshen gaskiya ne, na gan shi. Akwai wata karya da na yi, ita ce koma-baya a cikin su shida, kullum ita ce a ƙasa, har na so in bayar da ita. Ita ta zo ta fi su duka hanci da naci a daji. Amma maganar shiga tsakani, ni dai har yanzu ina ganin mutanen birni kun cika gaggawa. Kwikwiyo ya yi ƙara kaɗan sai a ɗauke shi a rungume, shi kuma ya koyi cewa kuka ne maganin komai.

Mai Kiwo Kaduna: Wani abin da ba a faɗa ba, kuma shi ya fi ba ni wahala da 'yan ciki ɗaya: shaƙuwar da suke yi da juna har su manta da mutum. Ka kira su ba wanda zai waiwayo, ka raba su na minti biyar su cika unguwa da kuka. Ranar da ɗaya ya yi ciwo aka kai shi asibiti, ɗayan ya ƙi ci. Ni yanzu in na bar biyu, kowa da wurin kwanansa, kuma kullum sai na ja ɗaya shi kaɗai mun zaga, na koya masa zo da zauna, sannan in dawo in ɗauki ɗayan. Aiki biyu ne, ba ragi. Malam in ba ka da wannan lokacin ka sa mai gadin ya riƙa yi, shi ma ta nan zai gyara tsakaninsa da jan. Ya riƙa ba shi abinci da hannunsa.

Hajiyar Jos: Wannan shawarar da na same ta da wuri da ban rabu da tawa ba. Kuma Malam kada ka saki jiki don sun wuce wannan watan lafiya. Ka sake sa ido sosai in sun kai wata shida zuwa shekara, lokacin da suke balaga, musamman in akwai karya a kusa da ta shiga lokacinta.

Likitar Dabbobi: Akwai abu ɗaya da ba zan bar zauren nan ban faɗa ba. Duk maganar da muke yi a kan kwikwiyo mai lafiya ne. In ka ga wanda ka sani da wasa ya canza rana ɗaya, ya zama mai cizon duk abin da ya gani, icce, ƙarfe, ƙasa, ko muryarsa ta sauya, yawu yana zuba, ko ya yi lakwas ya ɓuya a duhu, wannan ba zancen hali ba ne. Ka killace shi, kada kowa ya taɓa shi, a kira likitan dabbobi, don ciwon haukar kare yana kama ƙananan ma, kuma gona wuri ne da karnukan sake suke ratsawa. Allurar rigakafinsa a wata uku ake yi, naka saura sati ɗaya su isa. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a jihar Filato tana yin allurar, kuma za ka samu a asibitin dabbobi na gwamnati ko wurin likita mai zaman kansa. Ka tambayi ta fabo ma, ciwon nan na amai da zawon jini da ke kashe 'yan kwikwiyo, in ba a fara musu ba. Kuma duk wanda suka ciza ko suka karta har fata ta buɗe, ko a wasa ne, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, a tafi asibiti a ranar. Kada a tsaya sa gashin kare ko toka a kan ciwon. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 59,000 ciwon nan yake kashewa duk shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma in alamunsa suka bayyana a jikin mutum ba a cika tashi ba.

Mai Gidan Gona: Jama'a na dawo da bayani, kwana huɗu ke nan ina bin abin da kuka ce. Ranar farko na zauna a kan buhun dusa bayan la'asar na yi shiru. Abin da na gani ya ba ni mamaki: jan ne yake tsokana. Baƙin yana kwance a inuwar tankin ruwa, jan ya zo ya kwantar da ƙirji ya ɗaga ɗuwawu kamar yadda Likita ta kwatanta, ya yi haushi sau biyu, ya ciji wutsiyar baƙin ya zura da gudu. Har sau ɗaya na ga baƙin ya kwanta rigingine da kansa ya bar jan ya hau ƙirjinsa yana jan fatar wuyansa. Na riƙe baƙin sau shida a kwanakin nan. Sau biyar jan ya dawo da gudu ya faɗa masa. Sau ɗaya ne, shekaranjiya da magariba da suka daɗe suna yi, ya tafi ya kwanta ƙarƙashin baro, sai na kai baƙin wancan gefen na bar shi ya huta.

Amma maganar Hajiya ita ce ta fito. Kafin in raba kaskon na ce bari in gani sau ɗaya. Ana ajiyewa baƙin ya sa ƙafa ɗaya a ciki, jan ya matso, sai baƙin ya daina ci, ya sandare, bai yi wani gurnani mai ƙarfi ba, leɓensa kawai ya ɗaga. Jan ya juya kai gefe yana lasar baki, ya koma ya zauna sai da baƙin ya ƙoshi. Ashe haka yake kwana da yunwa ban sani ba. Yanzu kowa da kaskonsa, jan yana cinye nasa tas har ya lashe.

Mai gadi ya ajiye tsumagiya, duk da dai har yanzu yana cewa za mu gani. Shi yake kai wa jan abinci, jiya na ga jan ya bi shi har bakin ƙofa. Ranar Litinin zan kai su allura.

Hajiyar Jos: Alhamdu lillahi. Ruwan sha ma ka yi musu wuri biyu.

Baba Maharbi: Madalla yaro. Ka ƙara sa ido a kan baƙin nan ranar da aka yanka wani abu a gonar, warin jini yana fito da abin da ƙanzo bai fitar ba. Ka dawo ka gaya mana in sun kai wata shida.

Mai Kiwo Kaduna: Malam, wurin kwanan fa, ka raba ko har yanzu tare suke?

Mai Gidan Gona: Har yanzu tare, Alhaji. Na gwada daren jiya, kukan da suka yi ya firgita kaji har na ji tsoron kada ƙwai ya ragu, sai na mayar da su. Na sa kafinta ya yi mini akurki biyu da waya a tsakani, su riƙa ganin juna tukuna, in sun saba sai in riƙa nisanta su kaɗan-kaɗan. Ya ce zuwa Alhamis zai kawo.